Alfadarar Kawu Jatau

Tun ladanin Limancin Kona bai rufe baki ba
Kawu Jatau ke ɗaure akumari,
ni ina riƙe da aci-balbal, barci na fizgar wuyana.
Mangala guda dawa da dusa da kanwa,
guda gishiri, igiya, baƙar tukunya,
albarushi a cikin ƙaho, salka tana ɗiga.
Duk a gadon bayan Talatu alfadara,
ita ko kunne ba ta kaɗawa.

Bidi kuwa, dokin Kawu,
sirdi ne kayansa, sai mutum ɗaya da adaka,
amma shi yara ke bi har Ƙofar Gayan,
shi ake leƙe ta ɓular zana.
Ni da ita muna baya,
ba mai ko waiwayowa.

Kufena ya koma kamar tulu a kife,
muka bar gonakin rake, muka bar rugar ƙarshe,
inda tsohuwa ta miƙo kindirmo ta ce,
"In za ku dawo ku dubi Galma,
ruwan gabas yana tahowa."

Kwana huɗu a gindin kirya.
Tsando ya sa Bidi rawa ba ganga,
sai da muka yi masa hayaƙin kashin shanu.
Talatu ta yi birgima a turɓaya, ta tashi, shi ke nan.
Gada biyu, zabi bakwai.
Gwanki ya tsaya ya kalli Kawu ido da ido,
kunamar bindiga ta ce ƙyas, wuta ta ƙi.
Kawu ya yi dariya har da hawaye,
ya ce, "Wannan da sauran shan ruwansa."
Muka kwana muna juya banda,
kura na nesa tana ƙorafi,
ƙafar Talatu ɗaya a sama, tana jiran mai matsowa.

Ran komawa muka iske mashigi ya yi ja.
Talatu ta sunsuna, ta kafe.
Na ja ragama, na roƙa, na zagi ubanta jaki,
na zuba mata tsumagiya uku.
Uku. Ina sane da lissafin.
Kawu ya ce, "Bar ta, taurin kai gadonta ne,"
ya sa wa Bidi ƙaimi.
Taku biyar, laka ta kama shi har ƙirji,
doki na haniniya, gwiwar Kawu ta gurɗe a likkafa,
ruwa na ta hauhawa.

Ban san sa'ad da na kwance mangala ba.
Igiya a sirdi, igiya a ƙirjinta,
ban ce mata komai ba, me zan ce?
Ta dasa kofato a gaɓa,
jijiyar wuyanta ta miƙe kamar tsirkiya,
laka ta saki Bidi da ƙara irin ta tsaki.
Sannan ta bi gaɓa ita kaɗai, can sama da wata ɗinya,
ta shiga inda dutse ke kwance a ƙarƙashi,
ruwa iyakar gwiwa.

Haka muka shigo birni da la'asar sakaliya,
Kawu a kan alfadara, tsakanin kayan banda,
ni ina jan doki mai ɗingishi.
Yara suka sa ihu, "Maharbi a kan 'yar jaki!"
Kawu ya ce, "Ku gaishe ta, ta girmi hankalinku."
Daren nan ita aka fara ba harawa.

Ba ta bar ɗa ba, irinsu ba sa bari.
Inda kiryar take yanzu masara ce,
babur ke kai mutum ya dawo kafin azahar.
Akumarin na rataye a zaure, asu ya ci rabinsa.
In na ɗaga kai na gan shi
sai hannun daman nan nawa ya yi nauyi.
Kawu ya yafe mini abubuwa da yawa kafin ya rasu,
ukun nan dai ban sami mai yafewa ba,
har yau ina ƙirgawa.